Ƙashin baya da gaggawar da muka ɗora wa kanmu

Masu haɗa wannan mujalla sun daɗe suna bina in rubuta wani abu, ni kuma ina ta zillewa, ina ce musu ni ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi, limancin ma na'ibi ne kawai, sai ranar da Malam ya yi tafiya ko jiki ya hana shi fitowa nake shiga gaba. Suka ce to ai shi ke nan, rubuta abin da kake gani daga bakin shago, da abin da kake gani idan ka juyo bayan sallama. Da na zauna na auna, sai na ga abu guda nake gani a wuraren nan biyu. Mutanen unguwar nan bayansu yana ƙarewa tun kafin su tsufa.

Duk mai salla a masallacinmu ya san kujerun robar nan da ke jikin bango a ƙarshen sahu. Da can biyu ne, na wasu dattawa guda biyu, Allah ya jiƙansu. Yanzu bakwai ne, ranar Juma'a ma sai an aro daga maƙwabta. Salla a zaune babu laifi ga wanda tsayuwa ta gagara, wannan tun muna Ahalari muka karanta shi, kuma sahabi Imrana bin Husaini da rashin lafiya ta dame shi an ba shi izinin ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kwance. Ba hukunci ne ya dame ni ba. Shekarun masu zama a kujerun ne suka dame ni. Akwai ɗan acaɓa da bai cika arba'in ba. Akwai direban tirela. Akwai wani mai lodin doya wanda ni na yanka ragon sunansa da hannuna.

Kafin in ga mutum a kujerar masallaci kuwa, na riga na gan shi a littafin bashi. Mu nan mafi yawanmu ba mu da albashi, ba mu da fansho, abin da hannu ya samo yau shi za a ɗora a wuta gobe. Idan magidanci ya kwanta sati uku, satin farko ana cin abin da aka ɗan ajiye. Sati na biyu yaro zai zo shago ya ce, “Baba Liman, wai in ji Babana a ba da mudu biyu a rubuta.” Sati na uku sai ka ga akuyar matar gidan ta nufi kasuwa, yarinyar da ke zuwa Islamiyya da yamma an ɗora mata farantin talla ta nufi bakin titi inda motocin Lakwaja ke tsayawa. Ƙugun mutum ɗaya ne ya riƙe, amma mutum tara ne suka kwanta.

Ni ma na ɗanɗana, shekara shida ke nan. Ba buhu na ɗauka ba, buta na sunkuya zan ɗauka da asuba, sai na ji kamar an soka mini ƙusa a tsatso. Kwana goma sha takwas ban buɗe shago da kaina ba. An kai ni asibiti aka yi hoto, likita ya duba ya ce babu karaya babu gocewa, ya tura ni wajen masu gashin ƙashi, waɗanda ake ce wa fisiyo. Yaron da ya duba ni sa'an ɗana ne, amma ya zaunar da ni ya yi mini karatu da wani ƙashin roba da ke kan teburinsa, kuma karatun ya zauna mini har yau.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Gaɓoɓi 33 ne aka jera su kamar carbi. Bakwai a wuya, goma sha biyu inda haƙarƙari ya kama, biyar a ƙugu, sauran tara na ƙasa sun haɗe sun manne. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani faifai na guringuntsi mai ruwa-ruwa a cikinsa, aikinsa kamar na shokazoba a mota. Ta tsakiyar jerin nan laka ta ratsa, jijiyoyi kuma suna fita ta gefe-gefe zuwa hannu da ƙafa. Shi ya sa za ka ji mutum yana kukan ciwo tun daga ɗuwawu har dunduniya, yana ta shafa wa ƙafa man zafi, alhali ƙafar lafiyarta ƙalau, can sama ne faifai ya bultso ya danne jijiya. Biyar ɗin nan na ƙugu su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke samansu, da duk abin da ka ɗora wa kanka. Wani abin mamaki da ya faɗa mini, faifan nan ba shi da wadatattun hanyoyin jini, da motsi yake samun abincinsa, kamar soso da ake matsawa ana saki. Da dare kuma yana tsotsar ruwa ya kumbura, har mutum yakan fi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya. To a lokacin da ya cika tam ɗin nan ne sunkuyo da kaya ya fi yi masa wuya. Ku duba ƙarfe nawa ake fara lodi a tasha.

Abin da ya tayar mini da maganar a wannan karon shi ne wani sabon yayi. Samarinmu suna ta kallon bidiyo a waya, Bature ya kwantar da mutum a gado, ya lanƙwasa shi, ya danna, ka ji ƙas! ƙas! mutumin ya tashi yana murmushi. Har ta kai wasu masu aski, in sun gama yi maka aski, sai su kama kanka su murɗa wuya dama da hagu a matsayin gyara. Wani abokin cinikina da ke zaune cikin Abuja ya ce mini shi har kuɗi masu nauyi ya biya aka yi masa, kuma ya ji sauƙi. Na sa ɗana da ke karatu ya bincika mini asalin abin.

Sunansa kairofiraktik, kalma ce daga harshen Girka, ma'anarta abin da aka yi da hannu. Wani mutum ne mai suna D. D. Palmer ya fara shi a shekarar 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Ba likita ba ne, ya taɓa yin sana'ar sayar da kayan masarufi kafin ya shiga ba da magani. Ya ce ya danna bayan wani mai share gini mai suna Harvey Lillard wanda kunnensa ba ya ji sosai, sai jin ya dawo. Daga nan ya buɗe makaranta a 1897, ya riƙa koyar da cewa mafi yawan cututtukan ɗan Adam daga gocewar gaɓoɓin baya suke. A 1906 har kurkuku aka kai shi don yin aikin likita babu lasisi. Da na ji cewa ɗan kasuwa ne sai na yi dariya, na ce ai shi ke nan na gane shi. Mun san halinmu. Kaya yana da kyau, amma idan muka tashi kirari sai mun ƙara masa abin da babu. Daidai yake da mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika ranar kasuwa, ƙullin gari ɗaya yana maganin basir da shawara da sanyi da rashin haihuwa.

Sai dai ba a zubar da hatsi don akwai tsakuwa a ciki. Yau a ƙasashe da yawa sana'a ce da ake karantawa shekaru, ake ba da lasisi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horon masu yin ta a 2005. A ƙarshen 2023 kuma hukumar ta fitar da jagora kan ciwon ƙugu da ya daɗe, ta lissafa danna ƙashin baya da hannu da tausa cikin abubuwan da za su iya taimakawa, tare da motsa jiki da koya wa mai ciwo yadda zai kula da kansa. Wato yana da wurinsa, amma wurin ƙarami ne: rage ciwon baya. Ba ya maganin hawan jini, ba ya maganin suga. Ƙarar nan ta ƙas da ke burge mutane ma ba ƙashi ba ne ya koma wurinsa, iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kake ji in ka ja yatsunka. Wuya kuwa ku bar shi. Akwai hanyoyin jini da suke bi ta cikin gaɓoɓin wuya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma an samu, ko da ba kasafai ba, wanda aka murɗa wa wuya da ƙarfi jijiyar ta tsage ya samu shanyewar ɓarin jiki. Idan hannun wanda ya yi karatu yana da wannan haɗari, ina ga yaron da ya koya a Facebook? Ni dai in na je aski, ana gamawa nake miƙewa.

Abin da ya fi burge ni a wajen masu wannan sana'a, na kirkinsu, ba dannar ba ce. Tambayar da suke fara yi ce: yaya kake zama, yaya kake kwanciya, me kake ɗauka, awa nawa kake barci. Tambayoyin da yaron fisiyo ya yi mini ke nan su ma. Amsarsu kuwa ba a saye.

Mu ma muna da masu aikin hannu tun kaka da kakanni. Masu ɗori gado suke yi, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wanda aka ɗora ya warke sarai. Ba na raina su. Amma na ga hannun yaro da aka ɗaure da kara aka matse har jini ya daina zuwa, ya yi baƙi, ƙarshenta sai yankewa aka yi. Irin wannan likitocin asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda yake nan tun 1959, sun daɗe suna kuka da shi. Baya kuma ba hannu ba ne, akwai laka a ciki. Wanda ya faɗo daga mota ko babur ya ce bayansa ko wuyansa, kada a ciccibe shi kamar buhu a cusa a bayan mota, kada a ce bari a ja shi a miƙe. A kwantar da shi kan katako ko ƙyaure, a riƙe kansa kada ya juya, a nufi asibiti. Muna bakin hanyar Abuja zuwa Lakwaja, Allah kaɗai ya san mutum nawa aka ƙarasa da taimako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma babu abin da ya kai shi hana mutane aiki. Cikin goma, kusan tara ba a samun wata cuta takamaimai da za a nuna, kuma mafi yawa yakan lafa cikin 'yan makonni in mutum ya ci gaba da ɗan motsi bai lafke a gado ba. Saura ɗayan ne abin tsoro, kuma yana da alamu. Idan ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, idan tsakanin cinyoyi ya yi dindiris ba ka jin taɓawa, idan fitsari ya riƙe ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida, wannan ba na jira ba ne ko na kwana ɗaya. Haka idan ciwon yana tare da zazzaɓi da rama da zufar dare, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. Babban asibitin Abaji yana nan, asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja yana Gwagwalada, ba nisa ba ne. A yi addu'a, a yi tofi, amma a yi su a cikin mota.

Abin da mutanenmu suka fi yi shi ne zuwa kemis a ce a haɗa musu na gajiya. A ƙulla ƙwaya huɗu biyar a leda, mutum ya watsa a baki bai san sunan ko ɗaya ba. Irin su diklofenak suna rage ciwo, gaskiya ne, amma na 'yan kwanaki ne bisa umarnin likita, wanda ya mai da su abincin kullum suna cin ciki su haifar da gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. Tiramol kuwa, jagoran nan na 2023 ya ce kada a yi amfani da danginta a ciwon ƙugun da ya daɗe, haka ma ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙugu ba ta cikin abin da ya yarda da shi. Na tambayi wani ɗan dako dalilin da yake sha. Ya ce, “Malam, in na sha ba na jin nauyin buhu.” Na ce masa kai ne ba ka ji, bayanka yana ji. Ciwo ɗan aike ne. Ka kori ɗan aike daga ƙofar gida, wanda ya aiko shi yana nan tafe.

Mahaifina, Allah ya gafarta masa, ya sauka garin nan tun Abaji tana ƙarƙashin jihar Kwara, kafin a yanko ta cikin Babban Birnin Tarayya a 1976. Ya yi fatauci a ƙasa yana saurayi, ya ɗauki kaya a ka fiye da duk wani ɗan dako da na sani, kuma har ya rasu a tsaye yake salla. Na sha tambayar kaina me ya bambanta su da mu. Wani ɓangare dai ƙarfi ne da Allah ya ba shi. Amma akwai kalmar da yake yawan faɗa wadda yaran yanzu ba su san ta ba, ita ce loko. Mai kaya a ka yana tafe da doguwar sanda. In an yi tafiya gwargwado, akwai itatuwan da aka sani a hanya, sai ya jingina kayan a reshe ya tokare da sandar, ya zame kansa ya huta, ba tare da ya sauke ƙasa ba balle ya sha wahalar sake ɗauka. Wannan shi ne loko. Ba a jira sai an gaji, wurin ne in an iso shi dole a tsaya. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro ma da sassafe yake tashi, rana na take tsaka madugu ya sa a sauka. Wurin saukar nan shi ne zango, kuma shi ya zama sunan unguwannin Hausawa har Kumasi. Mu da muke zaune a bakin hanya a garin mutane, asalinmu 'yan zango ne, wato mutanen wurin hutawa. Yanzu a unguwar nan wa ya san loko? Ɗan acaɓa yana kan babur tun asuba har isha, ramukan hanya suna dukan ƙugunsa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa ya ƙara awoyi don ya fitar da kuɗin balas. Direba ya taso daga Legas bai miƙe ƙafa ba sai a nan. Mai shago irina yana zaune kan benci awa goma. Mai zaman da mai ɗaukar kaya duk ƙugu ɗaya suke kashewa.

Maƙwabtanmu matan Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwarawa, a kafaɗa suke ɗaukar kaya, suna cewa kai sarki ne ba a ɗora masa nauyi. Muna yara muna yi musu dariya. Ban ce kafaɗa ta fi ba, ita ma tana da nata. Amma aƙalla su sun zauna sun yanke cewa akwai wata gaɓa a jiki da ke da alfarma.

Mu kuwa an ba mu loko biyar a kowace rana, mun mai da su tsere. A nan ne ake samun saɓani da ni a masallaci, kuma gara in faɗa a rubuce. Ana cewa in na ja salla ina daɗewa. Ba dogayen surori nake karantawa ba, kowa shaida ne, don an umarci liman ya sauƙaƙa saboda mai rauni da mai uzuri. Inda nake tsayawa shi ne ruku'u, da ɗagowa, da zama tsakanin sujada biyu. Natsuwa da daidaito, ɗuma'nina da i'itidali, a mazhabarmu ta Malikiyya farillan salla ne, suna nan cikin Ahalari da kowa ya biya yana yaro. Labarin mutumin da ya shigo masallaci ya yi salla da gaggawa, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya mai da shi har sau uku ya sake, yana cikin Buhari da Muslim. Sahabi Abu Humaid kuma da yake siffanta sallar Annabi a gaban 'yan'uwansa, ya ambaci cewa yakan shimfiɗa bayansa a ruku'u, in ya ɗago kuma yakan miƙe har gaɓoɓin baya su koma mazauninsu. Na karanta wannan tun ina saurayi, amma sai da na ga ƙashin roban nan a kan tebur na gane abin da ake siffantawa.

Kada a fahimce ni a karkace. Salla ba motsa jiki ba ce, wanda ya yi ta don ƙugunsa ya warke ya ɓata niyyarsa, kuma akwai bayin Allah masu natsuwa da ciwon baya yake damunsu. Abin da nake cewa, mutumin da ba zai iya tsayuwa cak na numfashi biyu a gaban Ubangijinsa ba, ba zai tsaya ya durƙusa ya jawo buhu jikinsa kafin ya ɗaga ba, fizga zai yi daga nesa yana murɗa ƙugu. Hali ɗaya ne. Wani Alhaji abokina ya tare ni bayan la'asar ya ce, “Liman, ka san fa mun bar shago a buɗe.” Na ce, “Alhaji, gobe ka duba agogo.” Ya duba. Tsakanin sallata da irin wadda yake so, minti uku ne. Ya ce minti uku ma kuɗi ne. Har yanzu ba mu daidaita ba, amma yana bina.

Sai cikin gida, inda babu kujerar roba da za ta tona asiri. Mu maza in bayanmu ya kama, duk unguwa sai ta ji. Matan kuwa suna nan suna fama shiru. Ku ƙirga sunkuyon mace a rana ɗaya: shara da guntuwar tsintsiya, wanke-wanke a ƙasa, wanki a baho, hura wuta, daka, ga goyo a baya, wani lokaci ga ciki. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, rabin buhun siminti, kuma yarinya 'yar shekara goma muke tura wa ta ɗauko a ka daga famfo. Uwargidana ta shekara tana cewa ƙugunta, ana cewa sanyi ne. Da na dawo daga wajen fisiyo na kira kafinta ya yi mata benci mai tsayi da za ta ɗora baho ta yi wanki a tsaye, na sa aka ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda, na sayo jarkoki masu lita goma na ce yara da su za su riƙa ɗebo ruwa ko da za su yi sawu biyu. Duka kuɗin bai kai na buhun masara ba. Ta dube ni ta ce, “Malam, ashe sai da naka ya kama aka san akwai baya a gidan nan.” Matan unguwa sun yi ta yi mata tsiya wai ta zama 'yar boko da tsintsiyar asibiti. Yanzu gida uku sun aiko a nuna musu kafintan.

A gidana kuma tsakanin magariba da isha ba a fita, tabarma ɗaya muke ci, wayoyi suna ɗaki. Yaran sun ƙi abin da farko. Na kafe ne saboda na lura da wuyan ɗana na biyu, kullum a sunkuye kan waya kamar kazar da ke tsince, yana ɗan shekara sha bakwai yana cewa kafaɗarsa na ciwo. Amma abin da na samu ya wuce maganar wuya. A zaman nan ne na ji cewa ƙaramarmu ba ta ganin allo sosai a makaranta, wata biyar tana ɓoyewa. Bayan azahar kuma ina rufe rabin ƙofar shago in kishingiɗa rabin awa, ƙailula ce, iyayenmu ba sa barin ta. Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abu Darda'i ya tarar ya hana kansa abinci da barci saboda ibada, har iyalinsa ta fita hayyacinta, sai ya tilasta masa ya ci ya kwanta, ya tuna masa cewa kansa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. Wancan fa ibada ce ta hana shi hutu aka ce ya rage. Mu me ya hana mu?

Na san amsar, kuma ba na wasa da ita. Tsadar rayuwa ce. Mai iyali tara da ke neman na cefane ba a zo masa da wa'azin hutu hannu sake. Amma ku tuna watan Oktoba na 2022, da ruwa ya shafe hanya a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, har mai ya yi wuya a Abuja. Ciniki ya tsaya cak, mun yi asara, ni ma na yi. Ba mu mutu ba. Kwanakin da ruwa ya tilasta mana ba su kai waɗanda ƙugu ke tilasta wa mutum in ya tashi karɓar bashinsa ba, kuma shi ba ya sanarwa.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan'uwana 'yan kasuwar hatsi ce. Buhun masara ko dawa da muke cikawa ya kai kilo 100, wani ma ya wuce in an yi masa toliya. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai. Mu muna ɗora wa yaro ɗan shekara ashirin ninkin wannan a wuya, ya hau katako da shi zuwa cikin mota, sau talatin ko arba'in a rana, mu kuma muna zaune muna ƙirga da carbi. A shagona na hana. Babban buhu mutum biyu ke kamawa ko a sa a baro, kuma na ƙara kuɗin dako a kan kowane buhu don kada rabon ya cuce su. Yana cin ribata, lodi kuma yana ɗaukar lokaci, direbobi suna ta yi mini hon.

Abin da ban zata ba, 'yan dakon ne suka fara ƙorafi. Babbansu ya same ni ya ce, “Baba Liman, mun gode, amma ƙarin da ka yi bai cike ba. In na ɗauka ni kaɗai a shagon Alhaji na gaba, kafin azahar na haɗa abin da a nan sai la'asar. Ka ce in tausaya wa bayana, to cikin 'ya'yana fa?” Ban da abin da zan ce masa, don muddin shago ɗaya ne ke yi, shi ke asara. Sai in duka layin sun yarda a kan farashi ɗaya da ƙa'ida ɗaya, ko kuma mu koma ƙananan buhuna masu kilo 50 kamar na shinkafa. Na roƙi shugabannin 'yan kasuwa su sa maganar a zama mai zuwa, kuma na roƙi a kira 'yan dako su zauna a ciki su faɗi nasu farashin da bakinsu. Wanda yake da ja ya zo da lissafinsa, ni ma zan zo da littafin bashina.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wassalamu alaikum.